Sirrinka a Ɗakin Shawara: Me Kamfani da Dangi Ke da Ikon Sani?

Akwai ma'aikata da yawa a kamfanonin Sharaɗa, Challawa da Bompai da ke fama da rashin barci, yawan tunani, faɗuwar gaba ko shaye-shaye, amma ba sa zuwa asibiti. Idan ka bincika za ka tarar ba kuɗin magani kaɗai ke hana su ba. Tsoro suke yi kada maganar ta kai kunnen manaja a sallame su, ko ta isa unguwa a ce wane ya taɓu, ko ta ɓata auren 'ya'yansu. Ma'aikacin wucin gadi, wanda ake biya kullum ko duk mako, ya fi kowa wannan tsoron, domin ya san akwai masu jiran gurbinsa a bakin get.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken ƙasa kan shaye-shaye na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Kimanin miliyan 4.6 daga cikinsu magunguna irin su tramadol da kodin suka sha ba da umarnin likita ba. Wanda ya fara shan tramadol don ya jure aikin dare yana buƙatar wurin da zai faɗi gaskiya ba tare da ya rasa abincinsa ba.

Wannan bayani zai nuna maka abin da doka ta tanadar maka, inda sirri yake da iyaka, da tambayoyin da ya kamata ka yi kafin ka buɗe cikinka ko ka sa hannu a kowace takarda.

Mene ne sirrin ya ƙunsa?

Mutane sukan ɗauka sunan ciwo ne kawai sirri. Abin ya fi haka faɗi. Ya haɗa da:

- zuwanka asibitin ma kansa, da ranar da ka zo, da sashen da ka shiga;
- duk abin da ka faɗa wa likitan ƙwaƙwalwa, masanin halayyar ɗan Adam, nas ko mai ba da shawara;
- abin da aka rubuta a fayil ɗinka, na takarda ne ko na kwamfuta;
- sakamakon gwajin jini da na fitsari;
- sunayen magungunan da aka rubuta maka.

Nauyin riƙe wannan amana bai tsaya kan likita kaɗai ba. Mai yankar kati, mai ɗaukar fayil, mai ba da magani, ma'aikacin ɗakin gwaji da mai karɓar kuɗi duk suna cikinsa. A gari irin Kano, inda mai yankar kati zai iya zama maƙwabcinka ko surukin abokin aikinka, sau da yawa ta nan magana ke fita, ba daga ɗakin likita ba.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Bayan shi akwai dokoki huɗu da suka shafe ka kai tsaye.

Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyarka, maganinka ko kwanciyarka a asibiti sirri ne. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti nauyin hana wanda ba shi da izini taɓa fayil, ya kuma tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga laifuka irin su kwafar fayil ko shiga cikinsa ba da izini ba.

Dokar Hana Tsangwamar Masu Cutar Ƙanjamau ta 2014. Ta hana a mayar da gwajin cutar sharaɗin ɗaukar aiki, ta kuma hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa ta 2021, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ta tabbatar wa mai jinya haƙƙin a rufa masa asiri, ta kuma hana a sallami ma'aikaci don kawai yana da larurar ƙwaƙwalwa ko ya taɓa yin ta.

Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar. Ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Asibiti, kamfani, kamfanin inshora da manhajar waya duk tana hawa kansu.

Idan kamfani ne ke biyan kuɗin magani fa?

Nan ne aka fi samun ruɗani. Wasu kamfanoni suna da ƙaramin asibiti a cikin harabarsu. Wasu sun yi yarjejeniya da asibiti mai zaman kansa, wasu kuma sun sa ma'aikatansu a inshorar lafiya. A duk ukun ƙa'idar ɗaya ce: biyan kuɗin magani ba ya ba kamfani ikon karanta fayil ɗinka. Sai dai akwai wurare biyar da ya kamata ka lura da su.

Na farko, ka san wane irin likita kake gani. Akwai likitan da ka je wurinsa don ya yi maka magani. Wannan amanarka ce a hannunsa. Akwai kuma wanda kamfani ya tura ka wurinsa don ya tantance ko za ka iya aiki, kamar lokacin ɗaukar aiki ko bayan doguwar jinya. Shi wannan zai rubuta wa kamfani rahoto, kuma wajibi ne ya gaya maka haka tun kafin ku fara. A ƙaramin asibitin kamfani, mutum ɗaya kan yi aikin biyu. Don haka ka tambaya kai tsaye: "Likita, wannan zaman na magani ne ko na rahoto? Idan rahoto ne, me za a rubuta, kuma wa zai karanta?"

Na biyu, abin da kamfani ke buƙatar sani kaɗan ne: za ka iya aiki, ba za ka iya ba na ɗan lokaci, ko za ka iya bisa sharaɗi. Misali, a ce mai kula da injin narkar da roba a Sharaɗa ya fara shan maganin ciwon damuwa. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna sa gyangyaɗi a makonnin farko, kuma gyangyaɗi a gaban inji haɗari ne gare shi da abokan aikinsa. Likita zai iya rubuta cewa a ɗauke shi daga aikin dare da aikin inji na mako uku saboda dalilin lafiya. Wannan ya wadatar. Ba sai an rubuta sunan ciwon ba, balle rikicin gida ko bashin da ya jawo shi. Haka ma takardar hutun rashin lafiya: kana da damar roƙon kada a sa sunan ciwo a kanta.

Na uku, takardar neman kuɗi. Idan asibiti zai karɓi kuɗinsa daga kamfani ko daga inshora, yakan aika takarda mai ɗauke da sunanka, da abin da aka yi maka, da magungunan da aka ba ka. Ko ba a rubuta sunan ciwo ba, sunan magani kan tona shi ga wanda ya sani. Ka tambayi asibitin me suke aikawa da kuma ofishin da yake karɓa. Idan hankalinka bai kwanta ba, kana da damar zuwa wani wurin da kuɗinka, kamar sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau.

Na huɗu, fom ɗin da ake ba ka ka sa wa hannu. Wasu takardun ɗaukar aiki suna ɗauke da layin da ke cewa ka yarda kamfani ya nemi duk bayanan lafiyarka daga kowane asibiti. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka fahimta ba. Ka nemi a karanta maka ita da Hausa. Yarda ta gaskiya tana fayyace wane bayani za a bayar, ga wa, kuma don me. Dokar Kare Bayanai ta ba ka ikon janye yardarka daga baya.

Na biyar, neman diyya. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta amince da biyan diyya kan larurar ƙwaƙwalwa da aiki ya haddasa, kamar wanda ya shiga firgici bayan gobara ko bayan inji ya yanke masa yatsu. A nan dole rahoton likita ya fito da bayani, tunda kai kake nema. Duk da haka ka nemi ganin rahoton kafin a aika, ka tabbatar bai wuce abin da ya shafi haɗarin ba.

Game da gwajin ƙwaya a wurin aiki kuwa, sakamakon gwajin da kamfani ya sa aka yi da saninka zai koma wa kamfani. Amma abin da ka faɗa wa mai ba ka shawara a asibitin da ka kai kanka ba ya bin wannan hanya.

Yaushe likita zai iya buɗe baki?

Likitan da ya ce maka ba zai taɓa faɗa wa kowa komai ba, ko da me zai faru, bai gaya maka gaskiya duka ba. Sashe na 26 ya jera lokutan da aka halatta bayyana bayani:

- idan kai da kanka ka yarda a rubuce;
- idan kotu ta ba da umarni, ko wata doka ta wajabta;
- idan mai jinya ƙaramin yaro ne, iyaye ko mai riƙonsa suka nema;
- idan mai jinya ba ya cikin halin da zai iya ba da izini, waliyyinsa ko wakilinsa ya nema;
- idan yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari.

Na ƙarshen ya fi shafar cututtuka masu yaɗuwa irin su kwalara, sanƙarau da zazzaɓin Lassa, waɗanda ake kai rahotonsu ga hukumomin lafiya. Ciwon damuwa, firgici da shaye-shaye ba sa cikin jerin cututtukan annoba da ake kai irin wannan rahoto.

Akwai kuma batun ceton rai. Idan ka gaya wa likita kana shirin kashe kanka, ko kana shirin cutar da wani takamaiman mutum, ba zai yi shiru ba. Wata shari'a a Amurka ta yi tasiri sosai kan yadda ake koyar da wannan. A 1969 wani ɗalibi a jihar Kalifoniya ya gaya wa mai ba shi shawara cewa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. Ba a gargaɗe ta ba, ba a gargaɗi iyayenta ba, kuma ya kashe ta. A 1976 Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa mai ba da shawara yana da nauyin kare wanda ke cikin irin wannan haɗari. Hukuncin ba dokar Najeriya ba ne, amma darasinsa ya shiga tarbiyyar likitoci a ƙasashe da dama.

Ko a irin wannan hali akwai ladabi. Likita zai fara gaya maka cewa zai sanar da wani, ya nemi ka zaɓi wanda ka fi amincewa da shi, kuma ya faɗi iya abin da zai kare rai. Kada wannan ya sa ka ɓoye tunanin kashe kai. Faɗar cewa tunanin yana zuwar maka ba ya nufin za a kira kowa. Alama ce ta ciwo, kuma yana da magani.

Ɗan sanda ko wani jami'i da ya zo da baki kawai ba a miƙa masa fayil. Hanyar ita ce takarda zuwa ga hukumar asibiti, tare da umarnin kotu ko tanadin doka da ya dogara da shi.

Ka kuma sani cewa ma'aikatan da ke kula da kai suna musayar bayaninka a tsakaninsu gwargwadon buƙatar magani, kuma doka ta yarda da haka. A asibitin koyarwa za ka ga ɗalibai a ɗakin likita. Idan maganar da za ka yi mai nauyi ce, kana da damar cewa kana son ganin likita shi kaɗai.

Ga dangi: miji, mata, iyaye da masu binciken aure

A al'adarmu ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Yaya ne ke kawo shi, miji ne ke biyan kuɗi, uwa ce ke kwana da shi. Wannan alheri ne, kuma mai larurar ƙwaƙwalwa ya fi samun sauƙi idan danginsa na tare da shi. Amma baligi mai hankalinsa shi ke da ikon cewa a faɗa wa wane, kada a faɗa wa wane.

Ke matar aure, abin da kika faɗa a ɗakin shawara naki ne, ko da maigida ne ya kawo ki ya biya. Kina iya cewa a yi masa bayanin magani da ranar dawowa, amma a bar sauran. Kai kuma maigida, idan likita ya nemi ka ɗan jira a waje, ba raini ba ne. Mace mai ciwon damuwa bayan haihuwa takan kasa faɗin abin da ke ranta a gaban miji ko uwar miji saboda kunya, kuma idan ba ta faɗa ba maganin ba zai dace ba.

Dangi suna da damar kawo wa likita bayani a kowane lokaci: ya daina barci, ya daina cin abinci, yana magana shi kaɗai. Likita zai saurara ko da ba zai mayar muku da abin da mai jinyar ya faɗa masa ba. Za ku iya tambayar yadda za ku kula da shi da alamomin da za su sa ku dawo da shi cikin gaggawa.

Game da matasa 'yan ƙasa da shekara 18, doka ta ba iyaye damar neman bayani. Shawararmu ita ce ku bar wa yaron 'yan mintuna shi da likita. Yaron da ya san za a kwashe duk maganarsa a kai wa mahaifinsa ba zai faɗi abin da yake sha ba, kuma ba zai faɗi wanda ke cutar da shi ba.

Sai binciken aure. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, wadda ta shafi gwaje-gwaje irin su ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Wannan gwaji daban, fayil ɗin ɗakin shawara daban. Dangin da ke bincike ba su da ikon zuwa asibiti su tambaya ko wane ya taɓa kwanciya, kuma ma'aikacin da ya ba su amsa ya karya doka. Abin da ya dace shi ne mai larurar da kansa ya yi wa wanda zai aura bayani, kuma likita zai iya zama da su biyun idan sun so.

Waya, WhatsApp da masu ba da shawara a intanet

Yau ana yin shawara da yawa ta waya. Tana da sauƙi ga mai aikin awa goma sha biyu, amma magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi saurin tafiya.

A 2020 aka gano masu kutse sun sace bayanan dubban mutane daga Vastaamo, wani kamfanin ba da shawara a ƙasar Finland, har aka riƙa aika wa masu jinya saƙon su biya kuɗi ko a wallafa sirrinsu. Kamfanin ya durƙushe a 2021. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa manhajar BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman shawara ga kamfanoni irin su Facebook don talla. Dokar Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi irin wannan kutse mai haɗari ga mutane, da kuma sanar da su mutanen idan haɗarin babba ne.

Ga abin da za ka yi don kare kanka:

- kada ka yi shawara da wayar kamfani, kwamfutar ofis ko wayar da ake aro a gida;
- ka sa wa wayarka makulli, ka goge saƙon murya da hoton sakamakon gwaji idan ka gama da su;
- ka gaya wa asibiti lambar da za a kira ka da ita, da ko ka yarda a bar saƙo wurin wani;
- kada a naɗi muryarka ko hotonka sai da izininka.

Ka yi hattara da masu kiran kansu masu ba da shawara a Facebook da TikTok, waɗanda ke wallafa labarin mutane suna cewa sun cire suna. Idan aka ambaci unguwa, sana'a da yawan 'ya'ya, duk layinku zai gane ka. Likita da nas suna da hukumar da ta yi musu rajista, wadda za ta iya hukunta su har ta ƙwace lasisi. Wanda ba shi da rajista ba shi da lasisin da zai ji tsoron rasawa. Haka ma zaman shawara na rukuni: mai jagoranta yana ƙarƙashin ƙa'idar aiki, amma sauran mahalarta alkawari ne kawai ya ɗaure su.

Sauran haƙƙoƙinka

- A yi maka bayanin ciwonka, hanyoyin magani da illolinsu da harshen da kake ji.
- Ka ƙi wani magani ko ka nemi ra'ayin wani likitan, matuƙar kana cikin halin yanke shawara.
- Ka san wane bayani aka ajiye a kanka, ka nemi kwafinsa, ka sa a gyara kuskure.
- Kada a yi amfani da fayil mai ɗauke da sunanka a bincike ko koyarwa ba da izini ba.
- Ka canza mai ba ka shawara idan ba ka natsu da shi ba.

Idan an tona asirinka, ina za ka?

Ka fara da rubuta abin da ya faru: rana, wanda ya faɗa, wanda aka faɗa wa, da abin da ya biyo baya. Ka adana saƙonni da takardar sallama idan akwai. Sannan ka kai kuka a rubuce ga shugaban asibitin, ko ofishin SERVICOM idan asibitin Gwamnatin Tarayya ne. Asibitoci masu zaman kansu a Kano suna ƙarƙashin hukumar PHIMA. Ƙorafi kan likita yana zuwa hukumar MDCN, na nas kuma Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya. Idan kamfani, inshora ko manhaja ne suka yi wasa da bayananka, hukumar NDPC ce ke karɓar ƙorafi. Idan an sallame ka daga aiki saboda larurarka, ka tuntuɓi ƙungiyar ƙwadagonku ko lauya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna sauraron wanda ba shi da halin ɗaukar lauya. Kada ka yi jinkiri.

A zamanka na farko da likita ko mai ba da shawara, kafin ka fara labarinka, ka yi tambaya uku: wa zai ga abin da za a rubuta, me za a aika wa kamfani ko inshora, kuma a wane hali za a sanar da wani ba da yardata ba? Ƙwararre zai amsa maka su ba tare da ɓacin rai ba. Idan ka ji amsar ta gamsar da kai, ka faɗi gaskiyar abin da ke damunka duka, har da abin da kake sha da yawansa, domin da ita ake zaɓar maganin da ya dace.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya rufa mana asiri.